Yadda Na Ƙara wa Yaya Salisu Ƙiba

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin bikin Rahinatu, 'yar yayana, ba. Kai, ko na yi niyyar mantawa 'yan unguwarmu Nima ba za su ƙyale ni ba. Har yau in na bi ta inda samari ke dafa shayin ataya, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Rariya, an tashi lafiya?" Ni fa, mutum da furfura a gemu, da shagon ɗinki a unguwar Maamobi, da iyali. To, ba wanda ya ja mini, ni na ja wa kaina. Bari in faro muku daga tushe.

Mu biyu Mma ta haifa maza, ni da Yaya Salisu. Shi ne babba, dogo ne siriri, siririn da har matan gidanmu ke tsokanar Mma wai ba ta ba shi tuwo. (Tana ba shi. Ni ne shaida, don har nawa yake haɗawa ya cinye.) Muna samari ya yi ta aikin sauke albasa a kasuwar Agbogbloshie har ya tara abin da ya sayi tsohuwar na'urar gem, irin mai cin faifai, a wajen masu kawo kayan gwanjo daga Turai. Muka jona ta a talabijin ɗin Mma, wani baƙi mai doro a baya, wanda sai an mare shi a gefe kafin hoto ya tsaya. Faifai ɗaya gare mu, na ƙwallo, kuma bai taɓa isarmu ba. Mma kuwa in ta gaji da ihunmu sai ta zare wayar ta ɗaure a bakin zaninta, ta tafi wajen tuyar ƙosanta.

A cikin wasan akwai inda mutum zai ƙera ɗan ƙwallo da kansa. Wata rana Yaya Salisu ya ɗauko madubin Mma ya jingina a jikin talabijin, ya zauna tun bayan azahar yana ƙera kansa. Ya dubi madubi, ya dubi talabijin, ya rage hanci, ya ƙara tsayi, ya zaɓi askinsa da ɗan gemun nan nasa da bai gama fitowa ba.

"Duba mini, na fito?"

"Ka fi haka muni, Yaya."

Ya kai mini ranƙwashi ya ci gaba. Da ya gama, wallahi shi ne. Har Mma da ta leƙo sai da ta ce, "La ilaha illallahu, yaron nan ya shiga akwati!" Daga nan ya ƙera duk 'yan layinmu, ya haɗa ƙungiya ya sa mata suna Nima, ya ba kansa lamba tara, ni kuma ya jefa ni raga. Ya adana mu duka a wani ɗan kati da ake sakawa a gaban na'urar.

Bai daɗe da aure ba ya bi hanyar da samari da yawa suka bi a lokacin, ta Agadas zuwa Libiya, da niyyar tsallakawa Turai. Ya bar matarsa da ciki. Ya kira sau da dama daga can, a wayar wani maƙwabcinmu. Kiran ƙarshe ya ce sun iso bakin ruwa, a yi musu addu'a. Daga wannan ba mu ƙara jin muryarsa ba, kuma ba wanda ya zo ya ce mana ya ga gawarsa. Matarsa ta yi jira iya jira, daga baya malamai suka raba auren ta yi wani a Kumasi. Rahinatu ta tashi a hannunmu, ni da Mma. Mma kuwa har gobe ba ta yarda an yi masa addu'ar mamaci ba. In aka taɓo zancen sai ta ce, "Wa ya gaya muku?"

Sannan wata damina ruwa ya cika babban kwalbatin unguwarmu ya shigo mana ɗaki. Hotunanmu duka suna cikin akwatin ƙarfen Mma a ƙarƙashin gado. Da muka buɗe, sun manne da juna, in ka ɓamɓare ɗaya sai fuskar ta biyo ɗayan. Ko hoto ɗaya na Yaya Salisu bai tsira ba. Na'urar gem ce ta tsira, don tun bayan kiran nan na ƙarshe na naɗe ta a tsumma na ɗora a kan wadirob. Ba na iya jin ƙarar kunna ta, ita ma Mma haka.

To, shekaru suka wuce, Rahinatu ta gama makaranta, ta kawo saurayinta ɗan unguwar Sabon Zongo, yaro mai hankali, aka sa rana. Ni ne waliyyi, ni ne kuma telan biki, don yayin da mata za su sa (wato ankon biki, mu nan yayi muke cewa) duk a shagona aka jibge shi. Wata rana ta zo gwaji, ina riƙe da tef a kafaɗarta, sai ta ce:

"Baba Ƙarami, mai hoto ya ce a kawo hotunan iyaye, za a nuna a babban talabijin ranar biki. Su sun kawo na babansu har da na Makka."

Na yi kamar ina karanta tef.

"Ni me zan ba shi?" in ji ta. "Kowa sai ya ce ina kama da shi. Ni ban ma san da me nake kama ba."

Maganar nan ta soke ni ƙwarai. Na ce ta bar mini, zan san abin yi, alhali ban san komai ba. Sai da ta tafi na tuna da abin da ke kan wadirob.

Washegari na sauko da na'urar na kai shago, inda tsohon talabijin ɗin Mma yake yanzu a ɗakin baya. (E, yana nan da ransa. Har yanzu sai an mare shi.) Na hure ƙura, na goge faifan da bakin rigata, na kunna. Ta kama. Na shiga ƙungiyar Nima, na danna lamba tara. Jama'a, sai ga Yaya Salisu yana kallona. Dogon wuyan nan, ɗan gemun nan, tsayuwar nan tasa ta wanda ke jiran a yi masa magana ya ba da amsa. Na zauna a kan buhun ƙyallaye na yi kuka mai isata. Na yi kewarsa, kewar da ban san tana nan da wannan nauyin ba.

Da ni mai hankali ne, a take zan kira Rahinatu in ce ta zo shago. Mu biyu, ɗakin baya, shi ke nan. Amma ina! Sai wani abu ya raɗa mini cewa ai dangin ango za su nuna ubansu a ƙaton talabijin, mu kuma a ɓoye namu a bayan shago? Wallahi sai duk Nima ta gan shi. Kuma in a wannan tsohon akwati mai hazo ya fito haka, ina ga a filasma mai haske tar? Ai sai a ce zai yi magana.

Matsalar ita ce wayar na'urarmu mai kai uku ce, ja da fari da rawaya, filasman yanzu kuwa ba su da ramin da za ta shiga. Aka ce in je Sakul, inda ake sayar da kayan waya, in nemi wani ɗan akwati da ake kira konbata: ka sa tsohuwar waya ta nan, sabuwa ta fita ta can, shi kuma ya buɗa hoton ya cika babban talabijin. Na je na samu. Mai shagon ya jona mini wani wasan tseren mota na gani, mota tana gudu fes. Na ce, "Fuskar mutum fa?" Ya ce, "Alhaji, har gashin hanci za ka ƙirga." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da ya ce Alhaji sai na ji na yarda da shi.

Yanzu za ku ce, ka gwada kafin ranar? Ban gwada ba. Ni tela, da ba na sa almakashi a yadin mutum sai na auna na sake aunawa. Ba ni da filasma a gida, na masu haya kuma sai safiyar biki za a kawo, ga ɗinkin yayi ya taru mini har wuya. Kuma gaskiyar magana, ba na so kowa ya gani kafin lokaci, so nake in ba da mamaki. Abin da na yi maimakon gwaji shi ne surutu. Duk wadda ta zo karɓar ɗinkinta sai na rage murya na ce, "Kar ki bari ki makara ranar Lahadi. Akwai wanda zai zo." Kafin Juma'a labari ya kai har unguwar Kawukudi cewa Salisu ya dawo daga Italiya.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure da safe lafiya lau. Da rana aka tare layi da rumfuna da kujeru, mata suka cika wuri cikin yayinsu ruwan goro, ga shinkafa ga tuwo ga sobolo, wato zoɓo, mai sanyi. Aka kafa filasma a kan tebur, ƙato, ya kusa faɗin ƙofar shagona. Aka nuna hotunan ango da amarya, aka nuna baban ango a Makka da farin haraminsa, danginsa suka yi guɗa. Sai na miƙe cikin babbar rigar da na yi wa aiki da hannuna, na karɓi makirfo daga hannun emsi, wani ɗan unguwarmu mai bakin tsiya.

Na yi jawabi. Allah ya yafe mini, na yi jawabi mai tsawo. Na ce ruwa ya cinye mana hotuna amma bai cinye mana Salisu ba. Na ce shi da kansa ya zana kamanninsa da hannunsa ya bar mana. Na juya wajen amarya na ce, "Rahinatu, ɗago kanki. Yau za ki ga mahaifinki." Tsofaffin da suka san shi har sun fara share ido da gefen mayafi tun ba a kunna komai ba.

Na durƙusa na jona wayoyi, na kunna.

Abin da ya fara fitowa jerin sunayen 'yan wasa ne. Kun san mai tsaron gida ake fara rubutawa. A tsohon talabijin rubutun ƙanana ne, sai ka matso ka ƙanƙance ido, shi ya sa na manta da shi sam. A nan kuwa kowane harafi ya kai tafin hannu: RARIYA. Sunan da Yaya Salisu ya laƙaba mini saboda ba ƙwallon da ba ta wuce ni, sunan da na yi shekara da shekaru ina binnewa. Wani tsohon abokin wasanmu, wanda yanzu direban tirela ne, ya miƙe daga can baya ya ce, "Ei! Rariya! Wallahi shi ne!" Aka fara ƙyalƙyala. Na yi sauri na danna lamba tara, ina cewa a raina yanzu za su yi shiru.

Sai ga shi ya cika filasma.

Ni dai ban san wannan mutumin ba. Ɗan akwatin nan ya kama hoton ya ja shi dama da hagu don ya cika faɗin talabijin, sai dogon yayana ya koma gajere mai faɗi kamar buhun albasa. Kan nan murabba'i. Idanu ɗigo biyu baƙaƙe masu kusurwa. Baki layi ɗaya. Gemun da ya ɓata rabin yini yana gyarawa ya zama wasu 'yan dabbare-dabbare a haɓa, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Ashe hazon tsohon talabijin ne ke lulluɓe duk wannan, yana haɗa ɗigon da ɗigo har su zama fuska, sauran kuma idonmu ne ke cikawa. Filasma ba ya rufa wa kowa asiri, abin da aka ba shi ya nuna, har da ƙari.

Wata gwaggon ango ta ce da ƙarfi, ita a ganinta raɗa take yi, "Wannan ne uban amaryar?"

Emsi ya ce, "Cale, abokina, a gyara mana surukinmu, ya kumbura!"

Wurin ya fashe. Ni kuma maimakon in kashe in zauna, sai na ce a raina bari in sa shi ya ci ƙwallo, in suka ga gudunsa za su gane shi. Na karɓe makirfo na ce, "Ku tsaya ku ga yadda yake buga ƙwallo!" Na fara wasa. Abin da mai shagon Sakul bai gaya mini ba shi ne, ɗan akwatin yana ɗan jinkiri kafin ya kai hoto. In na danna yanzu, sai an jima mutumin ya motsa. Na ce ya juya, ya miƙe. Na ce ya buga, ya wuce. Yaya Salisu, wanda bai taɓa ɓarar da ƙwallo a gaban raga ba, ya ɗauki ƙwallo da tumbinsa ya wuce mai tsaron gida, ya wuce raga, ya fita fili ya nufi 'yan kallo.

"Ya tafi!" in ji emsi. "Jama'a ku tare shi, ya nufi Kawukudi!"

Har masu rabon abinci sun ajiye faranti suna riƙe ciki. Gumi ya jiƙa mini babbar riga tun daga wuya. Na saci kallon Rahinatu. Ba ta dariya, ba ta kuka. Ta dai sunkuyar da kai ta ja mayafinta ya rufe fuskar. Na yi mata alkawarin uba a gaban dangin mijinta, na kawo mata abin dariya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Sai na ga Mma ta miƙe.

Mma ta tsufa, idonta ya yi yana, ba ta gani sosai sai abu ya zo kusa. Ta dogara sandarta ta ratso tsakiyar rumfa a hankali, mutane suna janye ƙafa. Wasan ya tsaya a kan Yaya Salisu zai yi jifa daga gefen fili, ya cika rabin talabijin. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ɗora hannunta mai lalle a kan faffaɗan kumatun nan. Ta daɗe a haka.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ya yi ƙiba."

Makirfo yana hannuna a kusa da ita, kowa ya ji.

"Ashe yana samun abinci a can." Ta juya. "Rahinatu, taso ki ga ubanki. Dā kullum a rame yake."

Rahinatu ta taso da kayan amarcinta ta tsaya a gefen kakarta, ta riƙe mata hannu, suna kallo tare. Gwaggon nan ta ango ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na saki hannun gem ɗin yana lilo a jikin waya, na manta wasa bai ƙare ba. Lokacin jifa ya wuce, abokan hamayya suka karɓe ƙwallo, suka gangara ba mai tare su, suka zura ta a ragarmu. Filasma ya ɗauki ihu.

Mma ta ce, "Wa ke raga?"

Direban tirela ya amsa daga baya, "Ƙaramin ɗanki ne, Mma."

"To, shi bai canja ba."

Aka yi dariya, amma wannan karon da hawaye aka yi ta, har da ni.

Bayan biki da 'yan kwanaki Rahinatu ta zo shago da mijinta. Na kai su ɗakin baya, na mari tsohon talabijin, na nuna mata shi yadda ya kamata in nuna mata tun farko. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓa hancinta ta ce, "Baba Ƙarami, ashe nan na samo shi." Ta karɓi hannun gem ta yi ta zagaya fili da shi, ba ta ko neman raga.

A ranar ne kuma, da na sa tabarau na duba ɗan akwatin nan da kyau, na ga wani ɗan maɓalli a gefensa, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. In ka tura shi gefe, hoto ya koma daidai faɗinsa, mutum ya koma siririnsa. Tura ɗaya. Na zauna ina kallon maɓallin nan ina jin kamar in mari kaina.

Sai na kinkimi tsohon talabijin na kai wa Mma, wai zan gyara kuskurena. Na kunna na ce, "Mma, ga shi yadda yake na gaskiya. Wancan na ranar biki na'ura ce ta ja shi, ba ƙiba ba ce."

Ta matso ta duba. Ga shi dogo siriri, sak ranar da ya fita da jakarsa. Ta kau da kai.

"Kashe."

Na kashe.

"Kai ka ɗauke ni mahaukaciya ko? Ni da nake zare muku wayar nan in ɗaure a zani, ni za ka gaya wa wasa ne?" Ta gyara zama. "Tun da yaron nan ya tafi, duk daren da na gan shi a mafarki a rame nake ganinsa, leɓensa a bushe. Ranar nan ce kaɗai na gan shi ya ƙoshi. Ka mayar mini da shi yadda na gan shi."

Satin nan na nemo ɗan filasma na hannu na kafa mata a ɗaki. Yanzu duk Juma'a in na dawo masallaci sai in biya in kunna mata, ta matso da kujerarta ta zauna kusa da shi, ni kuma in yi ta fama da jinkirin ɗan akwati ana zura wa Rariya ƙwallo. Wani lokaci tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ba na sa kunne.

Darasin da na koya? Na farko, in ka sayi abu a Sakul ka gwada shi a gida, ko da mai shago ya kira ka Alhaji. Na biyu, ban ƙara karɓar makirfo a bikin kowa ba, ko an miƙo mini sai in ce maƙogwarona na ciwo. Shi kuwa ɗan maɓallin nan na gefen akwati, na yanko ƙyalle na liƙe shi da gam, kada wani mai karambani irina ya zo ya gyara.